Na sayi tsohon jirgin ruwa a Ingila, batura da wutar tasha sun ɗaure min kai

Ɗan Fagge

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon bayani, abin ne ya ishe ni.

Shekarata bakwai ina aiki a Portsmouth. Wani Bature abokin aikina ya ɗauke ni yawo a jirginsa sau biyu, shi ke nan abin ya shiga raina. A watan Afrilu na sayi nawa: ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska, samfurin Westerly Centaur, ƙirar 1976, tsawonsa ƙafa 26. Ya girme ni da shekara tara. Ina ɗaure shi a Gosport, a wurin ajiyar jirage da Turawa ke kira marina. Tuƙi da ɗaga ƙyalle duk na koya, alhamdu lillahi. Wutar jirgin ce ta gagare ni.

Ga abin da na tarar. A ƙarƙashin gadon da ke gefen injin akwai batura biyu masu bolt 12. Ƙaramin an rubuta 70Ah (Ah ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka ne), babban 110Ah, da 'yar takarda ta shekarar 2016 manne a jikinsa. Kusa da matakala akwai wani jan makunni mai zagaye, faɗinsa kamar murfin kwanon sha, mai wurare huɗu: OFF, 1, BOTH, 2. Sai doguwar waya ruwan lemo mai shuɗin kai, wadda nake jonawa daga bayan jirgin zuwa wani ɗan turke a kan gadar katako. Wutar turken ta kati ce, kamar mitarmu ta gida. Idan na jona, soket biyu na cikin ɗaki suna kawo wuta, wani baƙin akwati a ƙarƙashin tebur ya kama ƙugi da koriyar fitila. Dattijon da ya sayar min ya ce caja ce. Da na tambaye shi makunnin, cewa ya yi shi a BOTH yake barinsa shekara da shekaru, bai taɓa ganin matsala ba.

Asabar ɗin da ta wuce na ɗauki uwargida da yaranmu biyu muka tsallaka tsibirin Wight, muka saki anka a Newtown Creek muka kwana. Makunni yana BOTH. Fitilar saman sanda tana ci, kula mai jona wuta tana sanyaya kaji da zoɓo, yara suna ta cajin wayoyi. Da na idar da sallar asuba na murɗa makulli, sai ƙas, ƙas, ƙas. Shiru. Wani maƙwabci ne ya taso a kwalekwalensa na roba da ɗan akwatin tayar da mota, da shi muka samu injin ya tashi. Uwargida ba ta ce uffan ba har muka iso gida. Wanda ya yi aure ya san fassarar wannan shirun.

Abin da ya fi ba ni mamaki, sati biyu kafin tafiyar jirgin yana jone da wutar tasha dare da rana. Na dai bar makunnin a OFF, don wani ya ce haka ake yi idan za a tafi gida. Cajar tana ƙuginta, har fitilun ɗaki ma kamawa suke yi idan wayar tana jone, ko da makunnin yana OFF. To ina wutar sati biyu ta tafi?

Sauran tambayoyin: yaushe ake sa 1, yaushe ake sa 2? Me ya sa wani lokaci idan na kunna hita da butar shayi tare wutar turken take ɗaukewa? Na ƙarshe, jirgin nan ƙafa biyu gare shi a ƙasa, idan ruwa ya janye tsayawa yake yi cak a kan laka. Na leƙa gindinsa watan jiya, na ga dunƙulen tutiyar kare farfela da aka ɗaura sabo a Afrilu ya zagwanye, saura kamar sabulun da aka kusa gamawa. Wannan ma da hannun wuta a ciki?

Mai Sola Zariya

Wa alaikumus salam Malam. Ni dai teku a waya nake ganinsa, ruwan da na sani bai wuce dam ɗin Kubanni ba. Amma batir batir ne, ko a shago ko a kan ruwa.

Kar ka sayi komai tukuna sai mitar gwaji, irin mai wayoyi biyu ja da baƙa. Cire wayar tasha, mayar da makunni OFF, ka bar baturan su huta kwana guda. Sannan ka auna kowanne a kan kawunansa. 12.6 zuwa 12.7 cikakke ne. 12.2 rabi ya rage. 12.0 zuwa ƙasa ya yi nisa. Idan kuwa ka ga 10.5 ko kusa da haka, kar ka wahalar da kanka da caji. Batirin ɗaki shida gare shi, kowanne bolt 2.1, to ɗaya ya mutu ke nan. Irin wannan idan ka haɗa shi da lafiyayye, wato BOTH ɗin nan naka, zuƙe ɗan'uwansa zai yi ta yi har su kwanta tare. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Ka taɓa jin wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai a wajen, ko ka taɓa batirin ka ji shi da ɗumi? Mai shekarar 2016 ɗin nan nake zargi.

Bayan nan ka mayar da wayar tasha, makunni yana OFF, ka sake aunawa a kan batirin. Idan caji yana shiga za ka ga lamba ta haura 13, tana tafiya har wajen 14.4. Idan ba ta motsa ba, cajar ba ta isa gare shi. Koriyar fitila sau da yawa shaidar cajar ta samu wuta ce kawai. Kuma maganar da ka yi cewa fitilun ɗaki suna kamawa a OFF ita ta tona asiri. Ina jin an ɗaura wayar cajar ne a bayan makunni, a ɓangaren da ke ciyar da kaya. Da ka sa OFF ka raba ta da baturan gaba ɗaya. Sati biyu tana ƙugi a banza.

Sai lissafi, don ko batirin sabo ne fil ba zai kai ka safiya ba. Batirin ruwa, wato mai ruwan asid irin naka, ba a son a ci fiye da rabinsa, 110Ah ɗinka 55 ne naka. Kular nan, idan irin mai 'yar fanka ce a murfi, ba ta hutawa kamar firji, amfiya 4 zuwa 5 take ja babu tsayawa. Awa 12 ta cinye wajen 50 ita kaɗai. Fitilar sanda idan tsohon ƙwai ne mai wat 10, awa 10 ta ci 8. Ga fitilun ɗaki, ga wayoyin yara. Ka ci bashi tun kafin gari ya waye.

Shawarata, ka sauya ƙwayayen fitilu zuwa LED, ka kafa faifan sola ko mai wat 100 ne, ka sayi batirin litiyom 100Ah ka huta. Mu nan duk mai hali can ya koma.

Baba Na Apapa

Ɗana, barka da arziki, Allah ya sa alheri, ya tsare ku a kan ruwa. Shekara 26 na yi ina aikin wuta a jiragen dakon kaya kafin gwiwa ta zaunar da ni. Abin da Malam na Zariya ya faɗa kan awo daidai ne, ka bi shi. Ni kuma bari in ɗora.

Ka sa a ranka gida biyu ne a cikin jirgin nan naka, kowanne da wayarinsa. Gidan bolt 12 shi ne batura, makunni, kik, fitilu, rediyo, famfo. Gidan bolt 230 shi ne wayar tasha da soket ɗin nan biyu. Ƙofar da ke tsakaninsu caja ce: tana karɓa daga babban gida tana zuba wa ƙarami. Akwai wata ƙofar baya, zan zo kanta. Ka ɗauki takarda da fensir, ka bi kowace waya da hannunka daga inda ta fito zuwa inda ta shiga, ka zana, ka liƙa mata suna. Jirgin 1976 hannu nawa ya ratsa? Kowa ya zo ya ƙara tasa wayar, ba wanda ya cire ta wani.

Makunni. Batir na 1 na injin ne. Kamar kuɗin motar komawa gida ne da kake sa wa a aljihun ciki, ba a sayen tsire da shi. Ka tayar a 1. Injin yana aiki ka iya kai shi BOTH don altaneta, na'urar cajin da ke jikin injin, ta cika duka biyun. Da ka kashe injin, ka mayar 2, ku ci wutarku a nan. Ko 2 ya mutu murus, da safe ka koma 1 ka tayar. Abu ɗaya kada ka kuskura: injin yana aiki kar hannunka ya kai makunnin nan OFF. Altaneta tana tura wuta ka janye mata batir farat ɗaya, dayod ɗinta ne za su ƙone. Ka gaya wa yara ma, don jan abu mai juyawa yana kiran hannun yaro.

Ɗaukewar wuta ba aljanu ba ne. Shuɗin kan nan na amfiya 16 ne. 16 sau 230 ya ba ka wat 3,680, iyakarka ke nan. Butar Ingila da yawa wat 3,000 ce, hita 2,000. Ka haɗa da kanka. Amma ka duba wace ce ta faɗi a turken. Idan bireka ce zalla, lodi ne ya yi yawa. Idan mai ɗan maɓallin gwaji ce a jiki, wadda ake kira RCD, wannan yoyon wuta ta gani, watakila laima ta shiga kan waya ko wata waya ta goge. Miliamfiya 30 kacal take jira ta yanke, kuma ita ke tsakaninka da likkafani. Jirginka ma ya kamata a ce yana da tasa a ciki, kusa da inda wayar tasha ke shiga. Ka neme ta, ka danna maɓallin ka ga ko tana faɗuwa. Wajen jonawa kuma, ka fara da kan da ke jirgi, sannan na turke. Wajen cirewa ka fara da na turke. Kar ka taɓa yawo a kan gada da kan waya mai rai a hannu, ruwan gishiri a ƙasanka.

Ka yi hattara da launi. A Ingila yanzu layif ruwan ƙasa ne, nutural shuɗi. Amma kafin wajen 2004 wayarin gidajensu ja da baƙi ne, kamar yadda har gobe ake yi a wurinmu. Gidan bolt 12 shi ma ja da baƙi ne. Wato a bayan allon tsohon jirgi kana iya ganin jar waya ka ɗauka ta batir ce, ashe 230 ce a ciki. Kafin ka sa hannu a bayan allo, cire wayar tasha ka naɗe ta ka ajiye inda idonka ke ganinta.

Yanzu ƙofar baya, ita ce maganar tutiyarka. A cikin wayar tasha akwai ta uku, mai kore da rawaya, wayar ƙasa da masu wayarin ke kira at. A jirage da yawa an haɗa ta da jikin injin, injin kuma yana haɗe da sandar farfela da tutiyar. Duk jirgin da ya jona a gadar nan tasa wayar ƙasan tana haɗuwa da taka. Ga ƙarafa iri-iri a cikin ruwan gishiri, ga waya ta haɗa su: kun zama batir guda babba. Tutiya aikinta ta zagwanye a madadin farfela. Idan maƙwabcinka tasa ta ƙare bai sauya ba, taka ce za ta yi ta biyan bashinsa. Ta ƙare, sai a koma kan farfelarka. Gwajin mai sauƙi ne. Wayar tasha a cire, ka sa mitarka a wurin da take ƙara idan waya ta haɗu, kai ɗaya a ƙafar at ta mashigar jirgin, ɗaya a jikin injin. Idan ta yi ƙara, a haɗe suke. Maganin wani ɗan akwati ne da ake sa wa a kan wayar ƙasan daidai inda ta shigo, sunansa galbanik aisoleta. Dayod ne a ciki. Suna tare 'yar ƙaramar wutar nan da ba ta wuce bolt ɗaya da ɗoriya ba, amma idan babbar wuta ta ɓalle suna ba ta hanya ta wuce. Wani zai ce maka ka yanke wayar ƙasan kawai ka huta. Kar ka saurare shi.

Ka duba kuma ko akwai fis a kan wayoyin da suka tashi daga kan batir, ban da ta kik da akan bari haka. Ƙa'idar Amurkawa inci 7 ce daga kan batirin, kar ya wuce. Bolt 12 ba ya jan mutum, shi ya sa ake raina shi, amma gobara yake haifarwa. Ina yaro a aiki na ga sifana ta faɗa kan kawunan batir biyu, kafin a ce kwabo ta yi ja wur, wanda ya kai hannu ya ɗauke ta har ya bar aiki da tabon a tafinsa. Cire agogo da zobe. Mainos ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe.

Na Ƙofar Mata

Ni da na ga marina na ɗauka rini ka koma yi a Ingila, har zan ce a aiko maka da baba da toka. Ashe ta jirage ce. Allah ya kiyaye hanya, a gai da uwargida, a kuma ba ta haƙuri da kyau.

'Yar Damagaram

Sannunku. Ni da maigidana muna da jirgi ɗan ƙafa 30 a La Rochelle ta ƙasar Faransa, shekara shida ke nan, kuma ni ce mai kula da kuran ɗinsa, wato wutarsa, don shi ba ya haƙuri da ƙananan wayoyi.

Baba ya gama magana, sai dai a wajen makunni ina da ja kaɗan, Baba a gafarce ni. Tsarin 1, BOTH, 2 daidai ne, amma yana so mutum ya riƙa tunawa kullum. Ranar da ka iso a gajiye, ruwan sama na dukanka, yara na kuka, ranar za ka manta shi a BOTH. Mu sau biyu ya same mu. Sai muka sa wani ɗan relay mai jin ƙarfin kuran, VSR ake ce masa. Idan injin ya tashi kuran ya kai wajen 13.3 sai ya haɗa baturan da kansa, idan ya sauka wajen 12.8 ya raba su. Ba shi da tsada, tun daga nan ba mu sake kwana da fargaba ba.

Litiyom kuwa, Malam na Zariya, Zariya daban, Manche, tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila, daban. Ba a cajinsa idan sanyi ya kai sifiri, jirgin ɗan'uwanmu kuma a waje zai yi hunturu. Yana jan caji da ƙarfi har ya gasa ƙaramar altaneta, sai an sa wata caja a tsakaninsu. Tsohuwar cajar tasha ma watakila ba ta san shi ba. Ga masu inshora da ya kamata a sanar. Ban ce kar ya saya ba har abada, amma mutumin da bai gama sanin inda wayoyinsa suka nufa ba, ya fara da na ruwa.

Yaya Ɗan Fagge, idan wata rana ka tsallako Cherbourg, ka zo da ɗan abin gwajin soket. A nan Faransa ana samun turken da layif da nutural suka yi musaya, birekun Ingila da yawa kuma layif kaɗai suke yankewa. Wasu turakun ma amfiya 10 ko 6 suke bayarwa, butarka kaɗai ta isa ta kashe su.

Ɗan Fagge

Jama'a Allah ya saka da alheri. Jiya Lahadi tun safe nake cikin jirgin da mita da fensir, sai magariba na fito, bayana kamar an daka.

Malam na Zariya, ka ci kyauta. Na 1 ya nuna 12.3. Na 2 ya nuna 10.6. Warin ƙwai kuwa na sha jinsa a farkon bazara, lokacin da nake bin shawarar dattijo ina barin BOTH da caja a jone. Banɗaki na yi ta zargi, har na sayi magani na zuba. Wayar cajar na bi ta, ga ta nan ɗaure a ƙusar tsakiya ta bayan makunni, yadda ka faɗa. Amfiya 10 ce, baki ɗaya gare ta. Na sa makunni a 1 na jona, mita ta hau 14.2. Lafiyarta lau ashe, ba a dai ba ta hanya ba ne.

Baba, na samu RCD ɗin a cikin akwatin ajiya na baya, igiyoyi sun binne ta. Na danna ta faɗi. Mita ta yi ƙara tsakanin ƙafar at da injin, kuma babu wani ɗan akwati a kan wayar ko'ina, don haka na yi odarsa. Kafin ya iso na daina barin jirgin a jone idan zan tafi gida. Maganar launi kuwa, da ba ka faɗa ba da yanzu wani labarin ake yi. Wayar da ta je soket ɗin nan biyu irin ta gida ce, toka-toka mai faɗi, ja da baƙi a ciki, kuma ta bi ta rami ɗaya da wayoyin fitilu. Wannan ban taɓa ba, na kira mai aikin wutar jirage zai zo Alhamis ya sauya ta.

Hajiya, na karɓi shawararki. Batirin ruwa 110Ah zan saya, da VSR, da caja mai baki biyu da za ta tafi kan kowane batir kai tsaye. Kular kuma an yi mata ritaya, ƙanƙara za mu riƙa saya.

Saura abu ɗaya. Akwai wata siririyar jar waya da ta tashi daga kan fulos na batir na 1, ba ta bi ta makunni ba, babu fis, ta nutse ƙarƙashin dandamalin ɗaki. Na bi ta har inda hannuna ya tsaya. In cire ta?

Baba Na Apapa

Kar ka cire tukuna, ɗana. Ɗaga katakon da ya fi kowanne zurfi a tsakar ɗaki, za ka ga famfon kwashe ruwa da wani ɗan abu mai tasowa a gefensa. Sa makunni a OFF ka ɗaga abin da yatsa. Idan famfon ya yi kuka, tasa ce, da gangan aka kewaye makunnin don ya yi aiki ko ba ka nan. Sai ka sa mata fis daidai da lambar da aka rubuta a jikin famfon, kusa da kan batir, in sabon batirin ya zo ka mayar da ita kansa. Idan bai yi kuka ba, cire ta ka naɗe bakin da tef, ka zagaya ka ga abin da ya mutu.

Mai zuwa Alhamis ɗin nan, ka ce masa waya mai silli-silli da yawa zai sa, wadda aka shafe da kuza. Ta gida mai ƙarfe ɗaya girgizar injin karya ta take yi a hankali.